Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sa Ciwon Haƙori Yake Jiran Dare?

Tambaya daga wani tela a garin Tawa, a Jamhuriyar Nijar:

Assalamu alaikum. Kusan wata biyu ke nan ina fama da wani matauni na ƙasa ta ɓangaren hagu. Da farko sai na sha ruwan sanyi yake yi mini tsam na ɗan lokaci, sannan ya saki. Yanzu kuwa da rana ina kan keken ɗinki ba ya damuna sosai, amma da na kwanta, wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, sai ya tashe ni da zugi kamar ana kaɗa ganga cikin muƙamuƙina, har cikin kunne. Na tauna kanumfari, na cusa asfirin cikin ramin, kuma wani abokina a fada ya ce in ɗiga ruwan batir domin ya kashe tsutsar, tunda a cewarsa da dare take fitowa cin abinci. Shin gaskiya ne? Kuma me zan yi in sami barci?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da ruwan batir saboda shi ne ya fi tayar mini da hankali cikin wasiƙarka. Kada ka kusance shi. Asid ne mai cin nama, kuma da zarar ya zubo daga ramin haƙorin zai ƙone dasashi da harshe da cikin kumatu, ya bar maka gyambon da ya fi ciwon da kake gudu, wato garin neman gira a rasa ido. Haka hukuncin yake ga fetur da man birki da garin taba, waɗanda duk ana ba da shawararsu a fada da zuciya ɗaya.

Babu tsutsa a cikin haƙori. Abokinka ba shi ya fara wannan zato ba, domin mutanen ƙasashe da yawa sun daɗe a kansa, har sai da likitoci irin su Pierre Fauchard na Faransa suka ƙaryata shi, shi kuwa tun a 1728. 'Yan fararen abubuwan da masu turara baki suke nuna wa mutane a cikin ƙwarya, galibi 'ya'yan tsiro ne da suka fashe saboda zafi. Abin da yake huda haƙori shi ne ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, waɗanda suke zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙora. Suna cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da asid, shi kuma asid ɗin ya riƙa zaizayar haƙori sannu a hankali har ya yi kogo.

Domin ka gane abin da ya haɗa ciwon da dare, sai ka san yadda aka gina haƙorin. Daga waje akwai farin ɓawo, wanda duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi ƙarfi, kuma ba shi da jijiya, shi ya sa kogo yake iya farawa mutum bai sani ba. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai kama da ƙashi, cike da ƙananan kafofi masu kai saƙon sanyi da zaƙi zuwa ciki. A tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da ɓargon haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Idan allurar keke ta soke ka a yatsa, yatsan yana da damar kumbura ta kowane gefe. Ɓargon haƙori ba shi da wannan dama, saboda bango mai tauri ya kewaye shi, don haka duk kumburin da ya samu a kan jijiya yake ƙarewa. Da rana kana zaune ko kana tsaye, kanka yana sama da zuciyarka. Da ka miƙe bisa tabarma ko katifa, jinin da ke taruwa a kai yana ƙaruwa, matsin da ke cikin wannan ƙuntataccen ɗaki ya hau, kuma kowane bugun zuciya ya zama bugu a kan jijiyar. Wannan ita ce gangar da kake ji.

Akwai ƙarin dalilai da suke taruwa a kan wannan. Jiki yana da wani sinadari mai suna kotizol da ke danne kumburi, kuma yawansa yana sauka ƙasa sosai wajen tsakar dare, ba ya sake hawa sai gab da asuba. Yawu, wanda shi ne mai wanke baki da rage kaifin asid, yana raguwa ƙwarai lokacin barci. Sannan ga hankali: da rana ƙarar keke da cinikin masu kawo ɗinki sun raba maka tunani, amma da gari ya yi tsit babu abin da ya rage maka sai sauraren haƙorin. An ce dare mahutar bawa, to ban da mai kogo a matauni.

Tunda ka ambaci fada, ba zan wuce ban taɓa butar shayi ba. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, asid yana aiki a kan haƙori na kimanin rabin sa'a ko fiye kafin yawu ya daidaita al'amari. Shayinmu kuwa dahuwa uku ne, ana shan na farko bayan isha'i, na biyu bayan an ɗan taɓa hira, na uku mai zaƙin nan kuma sai dare ya yi nisa, don haka haƙoran suna jiƙe cikin asid na sa'o'i biyu ko uku ba hutu, daga nan a tafi a kwanta ba tare da an goge baki ba. A ganina yawan maimaitawar ta fi yawan sukarin ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum yake sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato wajen ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Ka duba abin da ake zubawa cikin buta ɗaya, ka yi lissafi da kanka.

Wasiƙarka ta ba da tarihin haƙorin daki-daki. Lokacin da yake yin tsam da ruwan sanyi ya saki nan take, jijiyar tana ƙorafi ne kawai, kuma da an kankare kogon an cike shi a lokacin, da magana ta ƙare. Ciwon da yake tasowa da kansa ba tare da an ci ko an sha komai ba, wanda yake daɗewa, yake tashin mutum daga barci, yake harbawa zuwa kunne, yawanci alama ce cewa kumburin ɓargon ya kai matakin da ba ya komawa baya. Abin da ya rage ga likitan haƙori hanya biyu ce: ko ya cire jijiyar, ya wanke cikin saiwar, ya cike ta, haƙorin ya zauna a wurinsa, ko kuma ya cire haƙorin in ya lalace da yawa. Dukkansu ana yin su ne da allurar kashe zafi. Kuma ina gargaɗinka da wata yaudara da ke tafe: watakila nan da kwanaki ciwon ya ɗauke ɗif, ka ce kanumfari ya yi aiki. Sau da yawa wannan shirun mutuwar jijiya ne, ƙwayoyin cutar kuma suna ci gaba da gangarawa ta saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi, inda za su tara mugunya. Ranar da ciwon ya dawo, da kumburin fuska yake dawowa.

Game da daren yau, ga abin da zai taimaka maka ka kai safiya. Ka fara fitar da abincin da ya maƙale, domin wani lokaci ɗan zaren kilishi da ya shige tsakanin haƙora biyu shi ne rabin ciwon. Ka yi amfani da buroshi mai laushi da zaren sakace, amma ban da allura ko fil, ko da yake na san su ne mafi kusa da hannun tela. Ka narka rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwa mai ɗumi, ka kurkure baki na kimanin daƙiƙa 30, ka zubar, ka maimaita sau biyu ko uku. Kada ka kwanta shimfiɗe. Ka tara matashi biyu ko uku, ko ka jingina da bango yadda kanka zai kasance sama da ƙirjinka, kuma kada ka ɗora ɓangaren da ke ciwo bisa matashi. Idan akwai ƙanƙara, ka naɗe ta cikin tsumma mai tsabta ka ɗora a kumatu ta waje na minti 15, ka huta, ka sake. Gashi da ruwan zafi kuwa ka bar shi, saboda zafi yana ƙara kawo jini wurin, kuma in akwai mugunya yana iya ƙara kumburin.

A ɓangaren magani, babban mutum mai lafiya yana iya shan farasitamol miligiram 500 zuwa 1000 duk bayan sa'a 6, kada ya wuce giram 4 cikin sa'a 24, domin wuce haka yana lalata hanta ba tare da gargaɗi ba. A lura cewa magungunan mura da na ciwon jiki da dama suna ɗauke da farasitamol a cikinsu, don haka mutum yana iya ninka adadin bai sani ba. Ibufurofen miligiram 400 bayan an ci abinci, duk bayan sa'a 8, ya kan fi tasiri ga irin wannan ciwo saboda yana rage kumburin kansa, kuma ana iya haɗa shi da farasitamol. Sai dai bai dace da mai gyambon ciki ba, ko mai ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini, ko mace mai ciki, kuma mai asma ko hawan jini ya tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Ka saya a farmasi, ba a farantin mai talla da ya yini cikin ranar Tawa ba.

Asfirin da ka cusa cikin rami ba ya aiki ta wannan hanya. Shi ma asid ne, sai ya ƙone dasashin ya mai da shi fari fat, kuma in ka duba madubi watakila ka ga shaidar. Kanumfari kuwa yana da gaskiyarsa, domin akwai wani mai a cikinsa da ke dusashe jijiya na ɗan lokaci, har likitocin haƙori suna amfani da shi cikin ciko na wucin gadi. Ka ɗora ƙwaya ɗaya a kan haƙorin ka danne a hankali, ko ka ɗiga man kanumfari ɗigo ɗaya cikin ɗan man gyaɗa, ka jiƙa auduga ka sa a kogon, ba a kan dasashi ba. Tiramol ba abin sha ba ne don haƙori, saboda an ga yadda mutane suka shiga da ciwo suka fito da jaraba. Kafso irin su amoksisilin ma ba sa kashe zugin ɓargon da ya kumbura, likita ne yake rubuta su idan cutar ta bazu, kuma shan su barkatai yana sa su daina aiki ranar da ake buƙatarsu da gaske.

Akwai alamomin da ba a jiran safiya da su. Idan kumburi ya hau zuwa ido ko ya gangara ƙarƙashin haɓa da wuya, idan baki ya ƙi buɗuwa yadda yatsu biyu za su shiga, idan haɗiyar yawu ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya rufe ka da rawar ɗari, to a ɗauke ka zuwa babban asibitin jihar Tawa a daren, domin irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar iska. Mai ciwon sukari ya fi kowa buƙatar gaggawa. In babu ko ɗaya daga cikinsu, ka rufe shago gobe da safe ka nemi likitan haƙori. Ɗinkin mutane zai iya jiran yini ɗaya.

Tambaya daga wata matar aure a Tawa:

Ina da ciki wata bakwai, kuma haƙorina na sama yana hana ni barci, dasashina ma yana jini in na yi asuwaki. Uwar mijina ta ce kowane ciki da haƙorin da yake ci, kuma ba a taɓa haƙorin mai ciki sai ta sauka. Shin in yi haƙuri har in haihu?

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Inna ta faɗi abin da ta gani ne, domin gaskiya mata da yawa suna rasa haƙora a shekarun haihuwa, sai dai dalilin ba shi ne jariri yana zuƙe ƙarfin haƙoran uwarsa ba. Canjin da ciki yake kawowa a jiki yana sa dasashi saurin kumbura da zubar da jini, amai yana wanke haƙora da asid ɗin ciki, kwaɗayin zaƙi yana ƙaruwa, kuma da yawa suna daina goge baki saboda tashin zuciya ko tsoron jinin. Waɗannan ne suke haɗuwa su ci haƙorin, kuma duk ana iya tare su.

Kada ki jira haihuwa. Ana duba haƙorin mai ciki, ana cike shi, ana ma cire shi da allurar kashe zafi idan ta kama, muddin kin gaya wa likitan watannin cikin. Mugunyar da aka bari tana ruruwa wata biyu ta fi aikin haɗari gare ki da abin da kike ɗauke da shi. Farasitamol shi ne maganin zafin da ya dace da ke, a mafi ƙarancin adadin da zai wadatar. Ibufurofen da asfirin na kashe zafi kuwa ki nisance su ɗungum a wannan mataki, saboda suna iya cutar da ƙoda da hanyoyin jinin jariri. Ruwan gishiri da ɗaga kai da sanyaya kumatu duk sun halatta gare ki. Bayan amai ki kurkure da ruwa kawai, ki dakata kamar rabin sa'a kafin ki goge, domin gugar haƙori yana jiƙe da asid tana kankare ɓawonsa. Idan kina jin nauyin saɓa wa Inna, ki kai maganar wurin awon ciki, ungozoma ta rubuta miki takardar zuwa wurin likitan haƙori, maigida ya kai mata bayanin cikin ladabi.

Tambaya daga wani direba mai bin hanyar Tawa zuwa Yamai:

Duk lokacin hunturu mataunana na sama gaba ɗaya suna yi mini nauyi da dare, kuma in na yi sujada sai in ji kamar za su zubo. An duba ba a ga rami ba. Mene ne wannan?

Amsa:

Malam, ruwa ba ya tsami banza, amma ba kullum laifin haƙori ba ne. A cikin ƙashin kumatu akwai wasu koguna masu haɗe da hanci, kuma saiwoyin mataunan sama suna dab da ƙasansu. Idan mura da ƙurar hunturu suka cika su da majina, nauyin yana sauka a kan jijiyoyin haƙoran, shi ya sa ciwon yake kama haƙora da yawa lokaci guda, yake kuma ƙaruwa da sunkuyawa. Ka rufe hanci da rawani a hanya, ka sha ruwa da yawa, ka shaƙi tururin ruwan zafi kafin kwanciya, ka ɗaga kai. In ya wuce kwana 10 ko ya zo da zazzaɓi, ka ga likita. Ka kuma tambayi iyalinka ko suna jin kana tauna haƙora cikin barci, domin wannan ma yana sa a tashi da muƙamuƙi a gajiye. Amma ciwon muƙamuƙin ƙasa da ya zo tare da nauyin ƙirji, ko gumi, ko sarƙewar numfashi, yana iya zama daga zuciya, kuma wannan na asibiti ne nan take, ba a riƙe sitiyari da shi.

Tambaya daga wata kaka a Tawa:

Jikana mai shekara 6 yana kuka da haƙori kowane dare. Ubansa ya ce haƙoran nono ne, za su faɗi da kansu, ba sai an kashe kuɗi ba.

Amsa:

Hajiya, Allah ya raya shi. A gaya wa babansa cewa haƙoran nono 20 ba sa zubewa lokaci guda. Na gaba ne suke fara famfara wajen shekara 6, amma na baya suna zama har shekara 10 zuwa 12, kuma ba a barin yaro da kogo mai ciwo tsawon wannan lokaci, balle mugunyar da ke ƙarƙashinsa tana iya ɓata sabon haƙorin da ke tasowa. Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: daidai wajen shekara 6 wani matauni na dindindin yana fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba, sai a ɗauke shi na nono a yi sakaci da shi, alhali in ya tafi ba shi da madadi. Ki buɗe bakin yaron da rana cikin haske ki duba ko shi ne.

Da dare a ba shi farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa, miligiram 15 ga kowane kilo, duk bayan sa'a 6, wato yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 300. Ba a ba yaro asfirin, kuma ba a sa masa man kanumfari. A daina ba shi alawa ko shayi ko fura mai sukari gab da kwanciya, kuma babba ya tsaya a kansa ya goge masa baki da man goge baki mai sinadarin fulorayid, kamar girman ƙwayar wake, ya tofar kada ya haɗiye.

Abu ɗaya nake so ki sa wa ido, saboda ƙasarmu tana cikin wuraren da ake samunsa. Akwai cutar noma, mai zaizayar baki da fuska, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamban 2023. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ba sa samun isasshen abinci, musamman bayan ƙyanda ko wata doguwar jinya. Tana farawa da gyambo da jini a dasashi, da wari mai ƙarfi daga baki, da dalalar yawu, sannan kumatu ya kumbura ya fara yin duhu, kuma cikin 'yan kwanaki take cin nama. A farkonta magani yana tsayar da ita. In kin ga waɗannan alamomi ga wannan yaro ko ga ɗan maƙwabta, a kai shi asibiti a ranar. In kuwa kogo ne kawai, a kai shi wurin likitan haƙori cikin makon nan, da safe, bayan ya karya kumallo, kuma kada kowa a gida ya tsorata shi da zancen allura a hanya.